Minda mai gogaggen baki

Ka tsare ni da tambaya wai ta yaya ake bambance mindar yaƙi, wato lambar yabon da ake ba soja, ta gaske da jabu. Kai yaro, shekara biyu kana share rumfar nan, sai yau ka ga damar tambaya? Maganar ta zubi ba zan ɓata yawuna a kanta ba. Wanda bai iya gane azurfa daga dalma da nauyinta a tafin hannu ba, ya je ya nemi wata sana'ar. Wadda ke karya ɗan kasuwa ita ce minda ta gaske da aka yi wa algus, kuma ni ta taɓa karya ni.

Wani dillali ne, mun yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya a nan Kurmi. Rannan bayan la'asar ya shigo, ya zaro ƙunshin tsumma daga aljihu yana waige-waige. Mindar Africa General Service ce, kan Sarki Edward na Bakwai a fuskarta, ga 'yar sandar azurfa a jikin ƙyallen an rubuta N. Nigeria 1903. Ka san abin da wannan ke nufi? Yaƙin da aka ci Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, aka ƙare a Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. A bakinta kuma sunan wani hafsa Bature. Dillalin ya rantse ya maya cewa daga gidan jikan kukun Baturen ta fito. Jikina har rawa yake. Babur ɗina na sayar, na haɗa da kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata, na ba shi, har da la'ada.

Bayan wata huɗu wani mai saye ya zo daga Ingila. Bai ce min uffan ba, ya fito da ɗan ma'auninsa ya matse ta. Faɗinta ya kamata ya cika milimita 36, ta gaza. Ya mirgina bakinta a ƙarƙashin gilashi ya ce in duba. Wajen sunan ya sirance, ga sawun magagari siri-siri kamar gashi. Ashe sunan wani sojan ƙasar nan aka goge aka ɗora na Bature, don na Bature ya fi tsada. Da ya koma ya binciki rajistar mindodi a ma'ajiyar tarihi ta Kew da ke Landan, babu mai wannan suna a yaƙin. Ko rabin kuɗina ba ta ƙara yi ba, kuma sunan bawan Allahn da ya sha ranar Burmi ya tafi ke nan har abada. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Na sami dillalin a gida. Ya shafa wa idonsa toka ya ce ai ciniki ya faɗa, shi ma haka ya saya. Har yau in mun haɗu a masallaci sahu nake canzawa.

Ku yaran yanzu hoto kuke gani a waya ku tura kuɗi. Hoto yana nuna muku baki? Juya ta, auna ta, duba ƙusoshin da suka riƙe sandar ko sabon ɗauri ne. In mai kaya ya cika labarin kaka da kakanni yana hana ka taɓawa, miƙa masa abinsa. Ɗauko ma'aunin can cikin akwati, ka auna min ukun nan kafin azahar.