Amsa ga 'yar'uwar da mahaifin ɗanta ya riƙe takardar haihuwarsa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki sau biyu a daren jiya, inda kika ce mahaifin ɗanki ya riƙe takardar haihuwar yaron tun da kuka rabu, makaranta kuma ta ce sai an kawo ta kafin a haɗa masa dosiyen jarrabawar BEPC ta kammala kolej, kina neman sanin ko za ki iya yi masa sabuwa ba da sanin uban ba. Kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Ina roƙonki don girman Allah kada ki yi masa sabuwa sai kin tabbatar ba a taɓa rubuta shi a rajista ba, domin ni kuskuren da na yi ke nan, kuma 'yata ce ta biya kuɗinsa da shekara guda ta karatunta.

Lokacin da aurena ya mutu, takardun yarinyar duka suna cikin wata jakar fata da mahaifinta yake ajiyewa. Ban neme su ba sai da ta kai ajin ƙarshe na kolej. Sau uku ina zuwa gidansa a unguwar Birni, nan Damagaram, na biyu ma tare da kawuna, ya ce mu tafi zai aiko. A zuwa na uku na ɗauki yarinyar, ina ganin idan ya ga idonta zai ji nauyi. Ya bar mu tsaye a zaure tun bayan la'asar har aka fara kiran magariba, mutanen gidan suna shiga suna fita ta gefenmu, babu wanda ya ce mana ga tabarma. Da ya fito, takardar tana hannunsa, na gane ta da wani tabon mai da ke gefenta. Ya buɗe ta, ya dube ta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa, sannan ya ce wadda ta ce ta iya riƙon 'ya ai ta iya nemo mata takarda. Yarinyar ba ta ce uffan ba har muka hau kabu-kabu, sai a hanya na ji bayan mayafina ya jiƙe. Har yau idan na tuna yadda ya daddanna aljihun nan da tafin hannunsa sai zuciyata ta tafasa, domin ba ni ya hukunta ba, jininsa ya hukunta.

Cikin wannan ɓacin rai aka haɗa ni da wani dillali da aka ce ya san kan takardu. Ya karɓi jikka goma sha biyar a hannuna, bai tambaye ni shaida ko ɗaya ba, bayan sati biyu ya kawo mini takarda daga wani gari da yarinyar ba ta taɓa takawa ba. Ni da murnata ban ko karanta ba. Sai da darakta ya ajiye ta kusa da rajistar makaranta aka ga an rage mata shekara biyu, sunan uban kuma da yake Mahamadou a wurinsu ya koma Mahaman. Kafin in gane bakin zaren an rufe karɓar dosiye. Ranar da ƙawayenta suka shiga jarrabawa tana ɗaki ta juya fuska bango.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ne ya faɗa mini maganar da da na ji ta da wuri da ban tsaya a zauren kowa ba. Ya ce takardar da ke aljihun mutumin nan kwafi ce kawai, asalin yana cikin littafin rajista a meri, wato ofishin magajin gari, inda aka rubuta haihuwar, kuma uwa tana da ikon neman kwafi daidai da uba, ba a tambayar yardarsa. Na je da katin rigakafin yarinyar saboda ranar haihuwa, ma'aikacin ya yi ta buɗa tsofaffin littattafai masu ƙura har kwana na biyu, sai ga sunanta da sunana. Kuɗin tambur kaɗai na biya. Abin da ya rage shi ne takardar dillalin, domin mutum ɗaya ba ya zama da rajista biyu, kuma alƙali ne kaɗai ke iya soke ɗaya ko ya gyara kuskuren suna. Wannan zirga-zirgar gidan shari'a ta ci mini watanni.

Saboda haka ki fara da gidan likitar da kika haihu, su sun san merin da suke kai wa sanarwar haihuwa, tunda Damagaram gunduma biyar ce, kada ki yi ta yawo daga wannan zuwa waccan. Ki kuma leƙa firamaren da ya yi, sau da yawa akwai fotokofi a cikin dosiyensa, lambar takardar da shekararta kuwa su ne ke sauƙaƙa binciken. Darakta ma ki same shi gobe-goben nan ki gaya masa gaskiyar halin da kike ciki, ya faɗa miki ranar rufewa, domin ni kunya ce ta hana ni yin haka, ina gudun a san sirrin gidana, alhali daga baya kowa ya sani.

Idan kuwa aka duba ba a sami yaron a rajista ba, wannan ma yana faruwa. Da yawanmu mukan bar gidan likita kafin suna, bayan kwana bakwai a raɗa wa yaro suna a sha biki, babu wanda ya koma ya kai sunan. Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma kyauta ne. Idan wa'adin ya wuce sai ta hannun alƙali, shi zai yanke hukuncin da za a rubuta yaron da shi. Ki je da kanki, da shaidu na gaske waɗanda suka san haihuwar, kamar yayarki ko maƙwabcin da ya halarci sunan. A babbar kotu akwai ofishin ANAJJ, hukumar da ke ba da shawarar shari'a ba tare da kuɗi ba, ki tambaye su kafin ki miƙa wa wani ko dala. Wani lokaci alƙalai kan fita zama na musamman a unguwanni da ƙauyuka don yaran da ba su da takarda, mai unguwarku zai san idan an sa rana.

Na ga wasu sun ba ki shawarar ki kai uban gaban mai unguwa ko fada a yi sulhu. Ban hana ba, amma uban 'yata a gaban manya ya yi alkawari kuma bai cika ba, lokaci kuwa ba ya jiran sulhu. Ki bi hanyar meri, sulhun ya biyo baya idan kina so, har ki haɗa da maganar ciyarwa idan shi ma irin nawa ne da ko alli bai taɓa saya ba.

Duk takardar da aka miƙo miki, ki tsaya a wurin ki karanta ta harafi bayan harafi, sunan yaron, naki, na ubansa, rana da wata da shekara, ki gwada da abin da ke makaranta, saboda da ita za a yi masa takardar zama ɗan ƙasa da katin shaida nan gaba. Wata 'yar'uwa ta ce ki turo hoton katin rigakafinsa a nan a duba miki. Kada ki turo, mu ɗaruruwa ne a zauren nan kuma ba duka muka san juna ba, ki kai shi meri a hannunki.