Bashin manhaja da lambobin da ke cikin wayarka: amsa ga mai albasa a Mile 12

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Kuɗinsa sun maƙale a hannun masu ɗaukar kaya bashi, ga lodi yana jiransa a Aliero ta jihar Kebbi. Ya ci karo da wata manhaja da ta ce za ta ba shi naira 300,000 nan take, ya mayar da 345,000 cikin kwana 14, da sharaɗin ya ba da lambar shaidarsa ta banki (BVN) da ta ɗan ƙasa (NIN) da hoton fuskarsa, ya kuma ba ta izinin shiga lambobi da hotunan da ke wayarsa. A makon ne kuma wani saurayi ya zo rumfarsa ya ce shi wakilin wani kamfani ne, zai biya naira 200 a kan kowace lambar kwastoma. Wayar kuwa yawanci tana hannun yaron shago, shi ke duba alat. Yana tambaya ko akwai matsala a cikin waɗannan.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai matsala a dukkan ukun, kuma tushensu ɗaya ne. Rabin abin da ke cikin wayar nan ba naka ba ne. Lambar matar da ke zuwa daga Mushin tana ɗaukar buhu biyar duk mako, lambar asusun manomin da kake tura wa kuɗi, hoton lasisin direban da ya taɓa turo maka, shafin littafin bashi da ka ɗauka a hoto, duk ajiyar mutane ce. Kamar kayan da maƙwabcinka na rumfa ya bar maka ne ya tafi masallaci: suna wurinka, amma ba ka da ikon jinginar da su.

Mu fara da lissafi. Naira 45,000 a kan 300,000 kashi 15 cikin ɗari ke nan a mako biyu, wato kusan kashi 30 a wata. Kafin motar ta taso daga Kebbi ta iso Legas, a sauke, a ware ruɓaɓɓe, a sayar, masu bashi su biya, kwana 14 sun wuce ko suna dab da wucewa. Albasa kuma ba ta da alƙawari, kai ka fi ni sani. Batun kuɗin ruwa ta fuskar addini ka san hukuncinsa, ba sai na tsaya a kai ba. Ko an ajiye wannan gefe, cinikin bai fita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne izinin da suka nema. Me mai ba da bashi zai yi da lambobin wayarka? Jingina ce. Ranar da ka yi lattin kwana biyu, saƙo zai fara shiga wayar surukinka da limamin unguwarku a Agege da wancan dillalin na Aliero, ɗauke da hotonka, ana cewa kai ɓarawo ne kana gudun bashi. An yi wa mutane da yawa haka a garin nan, har ta kai a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni a Ikeja, daga baya ta wajabta musu rajista. Tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Kamfanin Google ma tun ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Saboda haka manhajar da har yanzu take neman wannan izini, musamman in ta WhatsApp aka turo maka ita aka ce ka sauke, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce. In ka riga ka sauke ta, ka shiga saitin waya ka janye izinin, sannan ka goge ta.

Ɗan kasuwa irinka da suna yake cin abinci. Da kiran waya ɗaya ake loda maka kayan miliyoyi daga arewa ba tare da takarda ba. Saƙo ɗaya na ɓatanci zai iya sa mutumin da ya shekara goma yana ba ka kaya ya ce sai ya ga kuɗi tukuna.

Sai saurayin nan mai sayen lambobi. Ko lamba 300 ka ba shi, naira 60,000 ce, a lokacin tsadar albasa ba ta kai kuɗin buhu ɗaya ba. Ka tsaya ka duba abin da yake saye. Lambobin waya barkatai sun cika gari, ba su yake nema ba. Yana neman jerin mutanen da suka saba tura wa Alhaji kuɗi ne. Gobe da asuba wannan matar ta Mushin za ta ga saƙo: Alhaji ya canza asusu, wancan ya samu matsala, ki tura kuɗin jiya a wannan. An ambaci sunanka, an ambaci Mile 12, me zai sa ta yi shakka? Za ta tura, kuma wurinka za ta zo da rasit a hannu tana kuka. Ko da kamfanin gaskiya ne mai neman talla, mutanen nan sun ba ka lambarsu ne don cinikin albasa, ba wanda ya ce ka sayar.

Akwai doka a kan haka. A ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da su zuwa wata daban ba tare da yardar mai su ko wani dalili na doka ba, kuma tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba zan tsoratar da kai da cewa gobe za su zo rumfarka ba, sun fi mayar da hankali kan bankuna da manyan kamfanoni. Amma in aka damfari mutum aka bi sawu aka tarar daga hannunka jerin ya fita, 'yan sanda kai za su fara tambaya.

Tunda kai ma mai bin bashi ne, bari in faɗi wani abu da ya fara yawa a tsakaninmu. Mutum ya ƙi biya, sai a ɗora hotonsa da lambarsa a WhatsApp ana tallata shi. Wannan shi ne dai abin da muke zargin manhajojin nan da shi. Kasuwa tana da shugabanni da dattawa, akwai sulhu, akwai kotu. Ka bi ta nan, za ka fi samun kuɗinka, kuma ba za a juyo ana ƙararka da ɓata suna ba.

Yanzu wayar da ke hannun yaro. Ban ce yaronka maci amana ba ne, wataƙila ɗan ƙaninka ne ma. Amma yana shiga cunkoso da ita, yana kai ta caji, yana miƙa wa aboki ya yi kira. Mutane da yawa suna ganin in sun sa wa fuskar waya makulli sun gama. Ɓarawon waya a Legas layin yake so. Zai zare shi ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0#, BVN ɗinka ya fito masa, ya danna *346# don NIN. Duk lambar tabbatarwa da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa. Kafin ka gama neman wayar tsakanin buhuna, ya yi nisa. Maganin kuwa kyauta ne: ka sa wa layin kansa lambar sirri, wadda ake kira SIM PIN, yana cikin saitin kowace waya. Da zarar an zare shi an sa a wata, ba zai yi aiki ba sai da ita. Ka dai kula, in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da layin ya zo da shi, don haka ka adana katin.

Sannan ka raba waya biyu. Layin da ke haɗe da babban asusunka ya zauna a aljihunka kai kaɗai. Shago a buɗe masa asusu daban da layi daban, yaro ya riƙe, kowace yamma ka kwashe abin da ya taru. Ka koya masa kada ya saki kaya don ya ga saƙon alat ko hoton rasit, domin duka biyun ana ƙirƙirarsu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ciniki ya koma tiransifa, alat na bogi ya zama ruwan dare. Ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗin sun zauna, ko da mai saye yana ta faɗan yana sauri.

WhatsApp kuma ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu. Za a kira ka da Hausa tsantsa, a ce taron ƙungiyar 'yan kasuwa za a yi ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto. Kana karantawa WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su fara roƙon mutanenka kuɗi da sunanka. Wannan lamba, da lambar sirrin katinka, da lambar da banki ke turowa, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. In za ka kai waya gyara Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ka cire layi da memori. Kada kuma ka ara wa kowa asusunka a turo masa kuɗi ta ciki, domin in na sata ne asusunka za a rufe, kai za a nema.

In ƙaddara ta faɗa, minti ma yana da daraja. Ka kira banki a toshe asusu, ka kira kamfanin layi a rufe shi, ka sanar da kwastomominka ta bakin wanda suka sani. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa daga wata wayar a rufe asusu. Ka tambayi naka tun yanzu ka rubuta a littafinka. Ka kai ƙorafi a rubuce ka karɓi shaida, in mako biyu ya wuce ba su warware ba ka ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. 'Yan sanda kuma suna da sashe na musamman kan zamba a Ikoyi.

Saura lodin da ke jira. Ka buɗe littafin bashinka ka zaɓi mutum biyar mafi nauyi, ka je musu da kanka, ko rabi suka bayar ya rage hanya. Ka kira mutuminka na Aliero ka gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, ya loda maka rabi, ko ku haɗa mota da wani abokin sana'a. In kana cikin adashi ka nemi a musanya maka kwasa. Don gaba kuma, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, amma za su nemi ganin yadda kuɗi ke shiga da fita a asusun kasuwancinka na watanni. Asusun shagon nan da na ce ka buɗe shi ne zai zama shaidarka a wurinsu, saboda haka kada ka riƙa haɗa shi da cefanen gida.