Goyo a baya, aiki a lab: amsa daga zangon Kumasi

Ƙanwata, assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da jin an sa rana. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Ki gaishe mini da su Hajiya da kyau.

Kin ce kin ji labarin cewa mu matan zango a Gana, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ba a hana mu fita, shi ya sa kike son sanin yadda nake haɗa aikin bincike da zaman aure, tunda dangin mijin da za ki aura sun fara cewa digiri ɗaya ya ishi mace. Abin da kika ji akwai gaskiya a ciki, amma rabin zancen aka ba ki.

Fitar mace neman na kanta ba sabon abu ba ne a nan, kuma ba boko ne ya kawo shi ba. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su Gwanja, suka zauna a Salaga, da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar garin sai da yawa suka gangaro kudu. Namiji kan yi wata da watanni a hanya, wa zai riƙe gida in ba matar ba? Ga kuma maƙwabtanmu Asante, waɗanda matansu ne ke riƙe da kasuwar Kejetia, kowane layi da shugabarsa mace. Shinkafa da waken da duk Gana ke kira waakye daga tukunyar iyayenmu ta fito, sunan ma daga "wake" ne. Kakata ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Aboabo, ba wanda ya taɓa ganin hakan zubar da mutunci ne. Kulle akwai shi a wasu gidajen malamai, amma bai game gari ba. Saboda haka ranar da na ce zan yi aiki, ba a yi taron dangi a kaina ba.

Inda muka makara shi ne makaranta. Iyayenmu sun daɗe suna gudun makarantun mishan don tsoron kada yara su bar addini, wannan ya sa aka bar mu a baya sosai. Lokacin da na shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, 'yan matan zango a ajinmu ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Yanzu abin ya sauya, musamman tun 2017 da aka mayar da babbar sakandare kyauta, kuma a 2020 jami'ar ta samu shugaba mace ta farko, Farfesa Rita Akosua Dickson, masaniyar harhaɗa magunguna. Amma ku a Kano da Zariya kun fi mu yawan mata likitoci da malaman jami'a masu jin Hausa, kada ki raina abin da ke gabanki.

Matsalata ba izini ba ce, lokaci ne. Ni a kan zazzaɓin cizon sauro nake aiki, muna rainon ƙwayar cutar a lab, wato ɗakin bincike, a cikin jinin mutum, a ɗumin digiri 37 irin na jiki. Ƙwayar tana kammala zagayenta a cikin jajayen ƙwayoyin jini duk awa 48, kuma kusan kullum sai an sauya mata ruwan da take ci, a ɗora ɗigon jini a gilashi a duba da madubin ƙara girma a ƙirga. Ba ta san Juma'a ba, ba ta san sallah ba. In kika yi sakaci kwana biyu, wahalar makonni ta tafi. Na sha zuwa idi da safe, in wuce lab da kwalliyata, in dawo a ci tuwon sallah da ni. A shekarun da aka yi fama da ɗauke wuta, wanda a nan ake kira dumsor, wajajen 2015, nakan farka tsakar dare da tunanin firizar da ke ajiye da samfuran jini. Idan damina ta kama kuma sai fita ƙauye, inda masu kama sauro ke zama daga magariba har wayewar gari, mu kuma mu karɓa da asuba mu tantance. Ina son aikin nan har zuciyata. Gana na cikin ƙasashe uku, tare da Kenya da Malawi, da aka fara yi wa yara rigakafin maleriya na gwaji a 2019, kuma duk lokacin da na ga uwa a layin asibiti da katin ɗanta nakan ji gajiyar ta ragu.

Haihuwa ce ta fara nuna mini iyakata. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba mai jego hutun mako 12, sai kuma awa ɗaya a rana don shayarwa. Ki lissafa: kwana 84 ke nan, arba'in da wankan jego sun cinye kusan rabi. Mu da ke ɓangaren lafiya mu ne masu cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla wata shida, ga shi a wata na uku an ce in koma bakin aiki. Jariri kuma ba ya shiga ɗakin da ake taɓa jini da sinadarai, ko da a goye ne.

Gidan yawa ne ya cece ni. Yawancin gidajen zango tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna kewaye, ga uwar miji, ga matan 'yan'uwa, ga 'yan haya, Bahaushe da Bazabarme da Dagomba da Mosi duk Hausa ake yi. Yaro a irin wannan gida ba ya rasa baya. Abokan aikina da ke zaune su kaɗai a unguwannin ma'aikata suna kashe kaso mai yawa na albashi a gidan raino, ni kuwa nakan tatsa in ajiye, in miƙa wa uwar mijina, in kama tiro-tiro, wato motar haya.

To amma a nan ne nake son ki tsaya ki saurare ni. Wannan taimakon da ake yaba mana ba daga sama yake faɗowa ba, akwai wadda ke biya. Uwar mijina ta rage sana'arta saboda ni. Da na haifi na biyu sai aka kawo mini wata yarinya 'yar dangi daga arewacin ƙasar, mai shekara 12, aka ce ta riƙa kama mini. Al'ada ce a nan, na san ku ma kuna da riƙo. Na yi wata huɗu ina jin daɗin abin kafin wata safiya na fito da jakata na same ta a bakin famfo tana wankin kayan ɗana, tana bin yaran da ke wucewa makaranta da kallo. Ina gina digirina a kan karatun wata. Ban iya aiki ba ranar. Na sa ta a makaranta, na ɗauki wata dattijuwa maƙwabciya ina biyanta duk wata, aka yi ta magana cewa na mayar da zumunci ciniki. Na gwammace a faɗi hakan. Idan wani ya ce miki matan zango sun iya haɗa aiki da gida, ki tambaye shi wace yarinya ce ke tsakar gidan.

Sai kuma hidimar jama'a, wadda a zango ba wasa ba ce. Kusan kowane ƙarshen mako da biki ko suna, ga addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, ga yayi, abin da ku kuke kira anko. Wadda ba ta zuwa na mutane, ranar nata za ta ga kujeru a bushe. Na yanke wa kaina ƙa'ida tun da wuri: gaisuwar mutuwa da dubiya ba na fashi, ko da dare ne zan je. Biki da suna kuwa ina aika gudummawata, in leƙa in da hali. An kira ni mai girman kan boko na ɗan lokaci. Daga baya da aka ga ni ake bugo wa waya in yaro ya yi zafin jiki, ni ke cewa a je a yi gwaji kafin a sha magani, ni ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti, sai maganar ta mutu da kanta.

Maigidana kayan gyaran mota yake sayarwa a Suame Magazine, bai yi jami'a ba. Kafin a ɗaura aure na kai shi ya ga inda nake aiki, na gaya masa akwai Asabar, akwai kwanan ƙauye. Shi ke kai yara makaranta da safe, shi ke raka su makarantar allo ranar Asabar da Lahadi. Abokansa sun yi masa tsiya, bai fasa ba. Duk da haka ba komai muka daidaita a kai ba. An taɓa ba ni gurbin shekara uku a Turai ina da goyon wata takwas, ya ce ba zai iya ba, ni ma da na duba sai na ga ba zan iya ba. Na yi digirin a nan gida, ya ɗauke ni shekaru fiye da sa'o'ina maza, kuma wasu tallafin da ke da iyakar shekaru sun wuce ni. Har yau in na tuna nakan ji zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Ke naki yanayin daban ne, don a wurinku maganar izinin ita ce a gaba. Kada ki tsaya a kan "na yarda ki yi karatu" da saurayi zai faɗa a zaure. Ki sa waliyyinki ya yi maganar a gaban manyansa tun kafin ɗaurin aure, a ambaci digiri na biyu da sunansa. Ki gaya masa ƙarfe nawa ake tashi daga lab, da cewa wata rana za a tura ki wani gari. Ku yi maganar wanda zai riƙe yaro tun babu cikin, da abin da za a ba mai riƙon. Ki kuma nemi wata malama mai 'ya'ya a sashenku ki zauna da ita, ta fi ni sanin hanyoyin wurinku.

Ki turo mini sunan fannin da kike son yi da takardar sakamakonki in duba. Bikin kuma in Allah ya yarda da ni za a yi, na riga na roƙi wata abokiyar aikina ta riƙe mini ƙwayoyin na mako guda.