Amsa ga mai tambaya kan confirm, claim, insist da sauransu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin ce an ɗora miki rubuta bayanan taro da Turanci a wurin aikinki, kalmomin confirm, affirm, assert, claim da insist sun rikita ki, kuma duk wanda kika tambaya sai ya ce ai duk "tabbatarwa" suke nufi, ki ɗauki wadda ta yi miki. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Don Allah kada ki saurari mai ce miki haka. Kowace a cikinsu tana faɗa wa mai karatu ko ke mai rubutun kin yarda da maganar ko ba ki yarda ba, kuma da irin wannan aka taɓa raba ni da abincina.

Ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, mahaifina ya kwanta rashin lafiya, na nemi hutu. Na damƙa wa manaja makullai hannu da hannu, ya sa hannu a takardar miƙa aiki, na yi fotokwafi na ajiye. Ina dawowa aka ce katan-katan na madara sun ɓace. Aka kafa kwamitin bincike, na shiga na faɗi gaskiyata, na ajiye musu takardar a kan tebur. Sakataren kwamitin yana zaune kusa da ni, ina ganin biro ɗinsa yana tafiya, har yana gyaɗa mini kai. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya a bakin ƙofar kamfani, wanda na je sunan 'yarsa. Rahoto ya tafi hedkwata a Legas ban gani ba. Sai bayan takardar dakatarwa ta zo wani bawan Allah ya nuna mini kwafi a ɓoye. Ga abin da sakataren ya rubuta: "The storekeeper claimed that he handed over the keys. The manager confirmed that no keys were received."

Ki duba da kyau. Ni claimed, wato iƙirari na yi, magana ce ta fatar baki. Shi manaja confirmed, wato magana ta ƙare, hujja tana hannunsa. Takardar da na kawo ko ambatonta sakataren bai yi ba. Mutanen Legas ba su taɓa ganin fuskata ba, waɗannan layuka biyu suka karanta suka yanke hukunci. Kuma kada wani ya ce mini kuskure ne, mutumin nan Turanci ya karanta a jami'a, ya san abin da ya yi. Na zauna a gida babu albashi, ga mara lafiya, ga azumi ya kama. Maiɗakina ta sayar da keken ɗinkinta. A masallacin unguwa idan na shigo sai hira ta tsaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, na haɗu da sakataren a kasuwa ya miƙo mini hannu yana cewa "Allah ya fidda kai." Daga baya masu binciken kuɗi suka gano takardar fitar da kaya a hannun maigadi, da sa hannun manajan, aka mayar da ni aiki. Har yau sakataren nan bai ce mini yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah.

To, ki riƙe wannan. Idan mutum ya yi magana a taro kuma ba ki da hurumin yanke hukunci, said ko stated sun ishe ki, ba sa ɗaukar ɓangare. Confirm sai in akwai maganar da ta riga ta gabata ko ake zato, sannan wanda ke da hujja ko hurumi ya zo ya ce haka ne. Shi ya sa a aikin gwamnati bayan shekara 2 na gwaji ake ba ma'aikaci confirmation of appointment, wato tabbatar da shi a aiki. Kuma ba a sa wa confirm about, "confirm receipt" ake cewa, ko "confirm that the goods arrived". Claim kuwa, kin ga abin da ta yi mini. Allege ta fi ta nauyi, zargin laifi ne da ba a kai ga tabbatarwa ba, shi ya sa jaridu ke yawan sa ta kafin kotu ta yanke hukunci.

Assert mutum ne ya faɗi magana da ƙarfin gwiwa, ko da hujja ko babu. Insist sai an ja da shi ya kafe. Ana cewa "he insisted on seeing the file" ko "he insisted that he paid", ba a cewa "insisted to see", wannan ina ganinta a takardun manya ma. Maintain kusa take da ita, an sake tambayarsa bai sauya magana ba. Da maintained ma sakataren nan ya rubuta mini, da na gode masa.

Affirm ba ta hirar yau da kullum ba ce, ta wuraren rantsuwa ce. A jadawali na 7 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, rantsuwar kama aiki tana cewa "do solemnly swear/affirm", wanda ba zai rantse da littafin addini ba sai ya ɗauki ta biyun, kuma nauyinsu ɗaya a doka. Declare ta sanarwar hukuma ce, irin wadda baturen zaɓe na INEC yake yi idan ya ce "is hereby declared the winner". Ba na jin za ki buƙace su sosai a bayanan taro, sai dai shugaba ya buɗe taro ko ya rufe, a ce "declared the meeting open".

Na kusa mantawa da assure. Dole a ambaci wanda ake ba tabbacin, "he assured the staff that salaries would be paid". Ensure daban ce, ita ce a tabbatar abu ya faru. Sannan ki ji tsoron admitted. Kina rubuta "she admitted that she left early" kin riga kin ce laifi ne, alhali wataƙila izini ta nema.

Kuma ku 'yan'uwa da ke riƙe da sito ko kuɗin mutane, ina roƙonku, duk takardar da kuka sa wa hannu ku ɗauki hotonta a waya, ku kuma ajiye kwafi a gida, ba a ofis ba. Idan aka karanta bayanan taron baya kafin a amince da su, ku buɗe kunne, nan ne kaɗai damar ɗaga hannu a ce a gyara kalma kaza. Ke kuma ƙanwata, wata rana wani babba zai kira ki gefe ya ce ki mayar da said ɗin wani ta koma claimed. Ki miƙa masa daftarin da ladabi, ki ce ranka ya daɗe a gyara da biro, sannan ki adana wannan takardar mai rubutun hannunsa.