Shekara Huɗu Ina Jin Kira, Amma Ban Gama Gini Ba

Tambaya: Baba Fasto, ni malamin firamare ne, ina da mata da yara uku. Shekara huɗu ke nan zuciyata tana damuna a kan in shiga aikin bishara, musamman a ƙauyukan da ke bayan garinmu inda ba mai koyar da Kalma. Na yi niyya, amma ina so in gama ginin gidana tukuna, yara kuma su ɗan tasa. Wasu sun ce gaggawa ba ta da kyau. Laifi ne in jira?

Amsa: Ɗan'uwana, maganar ginin nan da ka kawo ta tuna mini da annabi Haggai. Mutanen Yahuza sun dawo daga bauta a Babila, suka kafa harsashin Haikali, sai aikin ya tsaya wajen shekara 16. A cikinsu ba wanda ya ce ba za a gina ba. Cewa kawai suke yi lokaci bai yi ba tukuna, alhali kowa ya rufe ɗakinsa ya yi masa ado. A shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, ranar farko ga wata na shida, Haggai ya tambaye su ko lokacin nasu gidajen ne kaɗai ya yi. Ranar 24 ga wannan watan suka kama aiki. Abin da ya gagara shekara 16 ya tashi cikin kwana 23, kuma ba wani kuɗi da ya faɗo daga sama a tsakani.

To, gini ba zunubi ba ne, kula da iyali ma umarni ne. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Saboda haka ba zan ce maka ka ajiye alli gobe da safe ka ɗauki jaka ba. Na ga samarin da suka yi haka ba tare da shawara da kowa ba, bayan damina ɗaya suka dawo da bashi da ɓacin rai, matan kuma ba sa son jin kalmar bishara a gidan.

Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne: a cikin shekara huɗun nan, wane taki ɗaya ka yi? Nan ake gane mai shiri da mai jinkiri, domin daga nesa kamarsu ɗaya, duka biyun suna zaune a gida.

Dubi mutum biyu da suka yi roƙo iri ɗaya. Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa da shanu, ya jefa masa alkyabbarsa. Elisha ya ce bari ya sumbaci mahaifinsa da mahaifiyarsa, aka bar shi. Da ya koma, sai ya yanka shanun, ya dafa naman da itacen garmar, ya ciyar da jama'a, ya bi Iliya. Sallamarsa ba ta wuce cin abinci ɗaya ba. A Luka sura 9 kuwa wani ya ce wa Yesu zai bi shi, amma bari ya fara yin sallama da mutanen gida, Yesu ya ba shi amsa da manomin da ya kama garma yana waiwaye. Kai da ka tashi a gona ka san yadda kunyar huɗar mai waiwaye take fita a karkace. A ganina, sallamar wannan na biyun ba ta da rana, irin "sai na gama gini" ce. Gini kuwa ba ya ƙarewa: in an yi rufi sai shafe, in an yi shafe sai katanga, kafin nan kuɗin makarantar babban ya taso.

Masu ce maka gaggawa ba ta da kyau suna da gaskiya ta wani ɓangare. Bulus ya fara shaida Yesu a majami'un Dimashƙu nan da nan bayan tubansa, amma sai da aka yi fiye da shekara goma kafin ikilisiyar Antakiya ta yi azumi, ta ɗibiya masa hannu tare da Barnaba, ta sallame su. Tsawon lokacin nan yana wa'azi yana koyarwa a inda yake. Babbar tafiyar ta jira lokacinta, biyayyar ta fara tun ranar farko.

Ga abin da zan so ka yi kafin Lahadi mai zuwa. Ka zauna da maiɗakinka, ka faɗa mata duka, har da tsoronka na rasa albashi, ka kuma saurare ta da kyau, don ita ce za ta ɗauki rabin nauyin. Sa'an nan ka je wurin fastonka da dattawan ikilisiya. Su suka san halinka, kuma idan kiran na gaske ne za su ga alamarsa a rayuwarka. In kana ɗarikar ECWA, ka nemi bayani a kan EMS, ƙungiyar da take aika masu bishara 'yan ƙasa tun 1948. In kana COCIN ko EYN ko HEKAN, su ma suna da tasu hanyar da makarantun Littafi Mai Tsarki.

Ƙauyukan nan kuma ba sai ka bar aiki kafin ka taka su ba. Malami yana da Asabar, yana da dogon hutu. Ka zaɓi ƙauye ɗaya, ka gaida mai unguwa, ka riƙa zuwa kai da wani dattijo har wata shida. A nan za ka gane ko kiran na zama ne gaba ɗaya, ko kuwa Allah yana so ka riƙe allinka kana hidima a ƙarshen mako. Idan wata shidan ta cika, ka sake rubuto mini abin da ka gani, da abin da uwargida ta ce.