Shin shugaban ƙasa na da ikon korar duk ma'aikacin da ya ga dama? Amsa kan rikicin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Kwanakin baya gardama ta kaure tsakanina da yayana kan yadda Shugaba Donald Trump ke sallamar ma'aikatan gwamnatin tarayya a Amurka. Yayan nawa ɗan kasuwa ne, kuma a ganinsa mutumin ya yi daidai: shi jama'a suka zaɓa, ma'aikata kuwa ba wanda ya zaɓe su, kuma mai gona ai shi ke sallamar ɗan ƙwadagon da bai yi masa ba. Har cewa ya yi yawancinmu albashi kawai muke ci. Ni kuma abin ya yi mini kama da zalunci. Don Allah a warware mana: dokarsu ta ba shi wannan iko? Kuma wa ke da gaskiya tsakaninmu? (Daga wani mai karatu a Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaishe mini da Yaya, ka kuma faɗa masa hujjarsa ba ta banza ba ce, domin akwai manyan lauyoyi da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka da ke kan irin ra'ayinsa. Sai dai ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: ikon shugaba na juya akalar gwamnati, wanda haƙƙinsa ne, da ikon korar duk wanda ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Na biyun nan shi ne inda na rabu da shi.

Sashe na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ikon zartarwa yana hannun shugaban ƙasa, ya kuma ɗora masa alhakin tabbatar da ana aiwatar da dokoki yadda ya kamata. Masu goyon bayan Trump suna cewa tunda mutum ɗaya aka ba ikon, duk wanda ke aiki da wani ɓangare na wannan iko dole ya kasance a tafin hannunsa, in ba haka ba za a sami hukumomin da ba su amsa wa kowa. Masu adawa kuma suna cewa Majalisar Dokoki ce ke ƙirƙirar ma'aikatu, ita ke ware musu kuɗi, don haka tana da hurumin gindaya sharuɗɗan ɗauka da kora. Kundin bai fito fili ya yi maganar kora ba, shi ya sa aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana wannan muhawara.

Abin da Yaya bai sa a lissafi ba shi ne, Amurka ta taɓa gwada tsarin da yake so, kuma ta daɗe a cikinsa. Daga zamanin Andrew Jackson, wanda ya hau mulki a 1829, al'ada ta zama duk jam'iyyar da ta ci zaɓe ta share ma'aikata ta zuba nata, tun daga manyan ofisoshi har mai kula da gidan waya na ƙauye. Wani sanata mai suna William Marcy ya kare wannan a 1832 da cewa ganima ta wanda ya ci yaƙi ce. Wanda aka ba aiki kuma sai ya riƙa yankar wani kaso na albashinsa yana kai wa jam'iyya. Ofishin kwastan na New York, inda gwamnati ke samun kaso mai tsoka na kuɗin shiga, ya zama wurin kiwon 'yan koren 'yan siyasa. Sabon shugaba kan shafe watanninsa na farko yana sauraron masu neman aiki da ke cika masa fada.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan masu neman aiki, Charles Guiteau, ya sa wa ransa cewa shi ya taimaka wa James Garfield ya ci zaɓe, don haka a ba shi muƙamin ƙaramin jakada a Paris. Da aka gaji da zaryarsa aka sallame shi, sai ya tare shugaban a tashar jirgin ƙasa ta Washington ranar 2 ga Yuli 1881 ya harbe shi. Garfield ya yi ta jinya har ya rasu a watan Satumba. Wannan kisa ne ya tura majalisa ta zartar da dokar Pendleton a 1883, wadda ta ce a ɗauki ma'aikaci da jarrabawa, kuma kada a kore shi don ya ƙi yi wa jam'iyya hidima. Wanda ya sa wa dokar hannu, Chester Arthur, shi kansa tsohon shugaban ofishin kwastan ɗin nan na New York ne, ya san ɓarnar daga ciki. Da farko dokar ta shafi kusan kashi 10 cikin 100 na ayyuka ne kawai, daga baya aka yi ta faɗaɗa ta.

A yau ma'aikatan farar hula na tarayya sun haura miliyan biyu, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu ba a yankin Washington suke aiki ba. Likitoci ne da nas-nas a asibitocin tsofaffin sojoji, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, masu duba nama a mayanka, masu hasashen guguwa. A samansu akwai muƙaman siyasa kusan 4,000 da kowane sabon shugaba ke cikawa da mutanensa, kuma yana iya sallamar mafi yawansu duk ranar da ya so. Ka ga ke nan ba wanda ya hana shugaba mutanensa. Rigimar ita ce ko zai iya gangarowa ƙasa da wannan layi.

A kotu ma abin ya yi ta kai-kawo. A 1926 Kotun Ƙoli ta ce shugaba na da ikon korar wani babban jami'in gidan waya na Portland ba tare da izinin Majalisar Dattawa ba. Amma a 1935, bayan Franklin Roosevelt ya kori William Humphrey daga Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya saboda saɓanin ra'ayi, duka alƙalan suka haɗu suka ce bai da wannan iko kan hukumomin da majalisa ta ba 'yancin kansu. Wannan hukunci ne ginshiƙin kariyar irin waɗannan hukumomi na tsawon shekara 90. Kotun ta yanzu ta fara zaizaye shi tun 2020, kuma a 2025 ta bar Trump ya sauke wasu mambobin hukumomi masu zaman kansu tun kafin a gama shari'o'insu, ko da yake ta nuna cewa Babban Bankin ƙasar matsayinsa daban ne. Don haka in ka tambaye ni inda iskar kotu ke kaɗawa kan shugabannin hukumomi, wajen Yaya take kaɗawa.

Na ƙananan ma'aikata kuwa dokokin majalisa ne ke kare su, musamman dokar 1978 ta zamanin Jimmy Carter da ta kafa hukumar da ma'aikaci zai kai ƙara in an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Hanyar da Trump ya bi don kauce wa wannan ita ce ƙirƙirar wani sabon rukuni da aka sa wa suna Schedule F a Oktoban 2020: a ɗauki duk ma'aikacin da aka ce aikinsa ya shafi tsara manufofi, a cire masa kariya. Joe Biden ya soke shi a Janairun 2021, Trump ya dawo da shi ranar da aka sake rantsar da shi, 20 ga Janairu 2025, kuma gwamnatinsa da kanta ta ƙiyasta zai shafi ma'aikata kusan 50,000. Sannan ga ofishin rage kashe kuɗi na DOGE da Elon Musk ya jagoranta, wanda ya bi ma'aikatu yana zaftare mutane.

Dole a ba masu sukar ma'aikata haƙƙinsu. Akwai ragwaye, akwai maƙaryata, kuma korar su na da wahala fiye da kima. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ba da rahoto a 2015 cewa sallamar ma'aikacin da ba ya taɓuka komai kan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. A 2014 aka gano jami'an asibitin tsofaffin sojoji a Phoenix suna ɓoye jerin marasa lafiyar da ke jiran ganin likita don alƙalumansu su yi kyau, har wasu suka mutu suna jira, kuma ministan ma'aikatar ya yi murabus. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ana ce masa ya dawo gobe ya san wannan takaici, kuma ba na son ka raina shi don kai ma'aikaci ne. Haka kuma gaskiya ne cewa ma'aikacin da ya ƙi aiwatar da halattaccen umarni don kawai bai zaɓi shugaban ba ya ci amanar aikinsa.

To amma gonar ba ta shugaba ba ce, ta jama'a ce, shi ma riƙo aka ba shi na shekara huɗu. Rantsuwar da ma'aikacin tarayya ke yi a Amurka ta kare kundin tsarin mulki ce, babu sunan shugaba a ciki. Kuma kariyar da aka ba shi, amfaninta na farko ga talaka ne: don a sami mutumin da zai iya cewa "wannan ya saɓa doka" ko "wannan magani bai tabbata ba" ba tare da ya rasa abincin iyalinsa washegari ba.

Dubi Frances Kelsey. A 1960, tana sabuwar ma'aikaciya a hukumar kula da abinci da magunguna, aka ajiye mata takardun wani kamfani da ke neman izinin sayar da maganin thalidomide, wanda mata masu ciki ke sha a Turai don laulayi da rashin barci. Ta duba ta ga bayanan gwajin ba su gamsar ba, ta mayar da takardun ta ce a kawo ƙarin hujja. Kamfanin ya yi ta matsa mata, yana kira, yana kai ƙorafinta wurin manyanta, ita kuma duk lokacin da wa'adi ya cika sai ta sake mayar musu. Kafin ƙarshen 1961 gaskiya ta fito: jarirai sama da 10,000 a ƙasashe da dama aka haifa da nakasa, wasu ba hannaye, wasu ba ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i, kuma Shugaba Kennedy ya karrama ta a 1962. A tsawon lokacin da take mayar da takardun, duk wanda ya kalle ta daga waje zai iya cewa ga wata mai jan ƙafa tana hana kasuwa tafiya. Wannan shi ne wahalar auna darajar ma'aikaci: bala'in da ya hana ba ya fitowa a jarida.

Abin da ya faru a 2025 ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi. A watan Fabrairu aka kori ɗaruruwan ma'aikatan hukumar da ke kula da makaman nukiliyar ƙasar, cikin kwanaki kaɗan kuma aka shiga neman yawancinsu su dawo. Wanda ke farautar ragwaye ba zai yi haka ba, domin korar ba ta duba aikin kowa ba. Ranar 1 ga Agusta kuma hukumar ƙididdigar ƙwadago ta fitar da rahoton da ya nuna ayyuka 73,000 kawai aka samar a Yuli, ta kuma rage alƙaluman watanni biyu na baya sosai. A ranar Trump ya kori shugabarta, Erika McEntarfer, yana zargin an murɗe alƙaluman, ba tare da kawo hujja ba. Doka ta ba shi damar sauke ta, wannan ba gardama. Amma yanzu duk wanda ya zauna a kujerar ya san abin da ya kori na baya. Ajantina ta bi wannan hanya a 2007, gwamnati ta sa hannu a hukumar ƙididdigarta, aka yi shekaru ba mai yarda da alƙaluman hauhawar farashinta, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata mata a 2013. Ɗan kasuwa irin Yaya shi zai fara jin jiki in alƙaluman gwamnati suka daina zama abin dogaro.

Batun tsimin kuɗi ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin albashi da alawus na duka ma'aikatan farar hula kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da gwamnatin tarayya ke kashewa a shekara. Gyaran da nake goyon baya shi ne a taƙaita matakan ladabtarwa, a sa wa ɗaukaka ƙara wa'adi, a tilasta wa shugabannin sassa su rubuta gaskiyar aikin na ƙasa da su, ta yadda za a iya korar rago cikin makonni da dalili a rubuce. Wannan aikin majalisa ne, kuma ba ya buƙatar cire wa mutum 50,000 kariya daga korar siyasa.

Tunda kai da Yaya a nan gida kuke, ka tuna masa mu ma mun ɗanɗana. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000 nan take, jama'a kuma suka yi ta yabo, domin a cikinsu akwai ɓarayi na gaske. Amma an haɗa da na kirki, da yawa ba a ba su damar kare kansu ba, kuma masana harkar mulki da dama suna ganin daga nan ma'aikaci ya daina yarda kujerarsa za ta kai shi fansho, ya fara tanadin ranar kora tun yana ofis. A 1988 gwamnatin Babangida ta mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar, muƙamin siyasa, su zo da gwamnati su tafi da ita, wato kusan abin da Schedule F ke nema. Tsarin bai cika shekara goma ba, kwamitin Allison Ayida da aka kafa a zamanin Abacha ya ba da shawarar a soke shi, aka dawo da muƙamin babban sakatare.