Ki dakata, kada zanen nan ya je hannun mai firam tukuna

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki a kan zanen bugu da kika saya a Legas, wanda aka ce miki aikin Bruce Onobrakpeya ne, fitaccen mai zanen nan na Najeriya, inda kika ce bayan damina takardar ta lanƙwashe, wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa sun fito mata, kuma kina shirin kai shi wurin mai firam domin ya miƙar da shi ya rufe shi da leda. Kin kuma tambayi yadda za ki tabbatar na gaske ne. Maganar ledar nan ce ta tayar mini da hankali, saboda haka ina roƙonki da girman Allah ki bar zanen a gida har ki gama karanta wannan.

Lanƙwasar da kika gani ba cuta ba ce. Takardar da ake irin wannan bugu a kanta mai kauri ce, galibi ta auduga, kuma da danshinta ake sa ta a injin matsi domin ta shiga ramukan farantin ƙarfen da aka karce zanen a kansa ta ɗebo tawada. Tana shan laima da damina ta kumbura, ta saki da hunturu ta koma. Ɗigon kuwa yawanci fumfuna ce ko ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin takardar ya yi tsatsa, kuma kwalin banza da ake sawa a bayan zanen yana ƙara rura abin. Masu gyaran takardun tarihi suna iya rage shi. Abin da ba mai iya gyarawa shi ne aikin gam da reza da leda, kuma ni ganau ne.

Ina da wani bugu na wani matashi da ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, hoton marina da masu rini a bakin ramukansu, wanda ya zana da allura a kan farantin jan ƙarfe, layukan sirara ƙwarai. Guda 20 kawai ya buga, nawa shi ne na 7, ya rubuta lambar da sunan zanen da sa hannunsa da fensir a farin gefen ƙasa, sa'an nan ya karce farantin yadda ba za a sake bugawa ba. Allah ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru. Na kai zanen wurin wani mai firam da aka yi ta yaba mini shi, na nuna masa rubutun fensir ɗin da yatsana, na ce kada a yanke komai, kada gam ya taɓa takardar, gilashi da katako kawai nake so. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tun kafin a haifi mai zanen nan nake wannan sana'a."

Ranar da na koma, tun daga bakin ƙofa na hango shi jingine da bango yana ƙyalli kamar kalandar kamfani. Ya yanke farin gefen gaba ɗaya, wai yana ɓata tsarin firam. Ya shafe bayan takardar da gam ya manna ta a kan falanki, sa'an nan ya bi ta da leda mai zafi har shatar farantin da ke zagaye da zanen ta baje. Na tambaye shi inda guntun da ya yanke yake, ko zan tsira da sa hannun marigayin, ya kira yaronsa, yaron ya ce tun jiya aka share aka ƙone da shara. Har yau idan na tuna yadda mutumin nan ya tsaya yana goge hannunsa da tsumma, yana gaya mini cewa yanzu ko ruwa aka zuba wa zanen ba abin da zai same shi, sai in ji zuciyata tana tafasa. Bai ba ni haƙuri ba, cikon kuɗinsa ya nema, har maƙwabtansa suka taru suna ba shi gaskiya, wai ai ya ƙara wa hoton kyau. Daga baya gam ɗin ya huda takardar ya fito rawaya-rawaya ta fuskar zanen, iska ta taru a ƙarƙashin ledar. Wani masanin adana takardu da na nuna wa ya ce idan aka ɗaga ledar za ta taho da tawadar, aikin gama ya gama.

Naki ma ya fi nawa haɗari idan da gaske na Onobrakpeya ne. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor ta jihar Delta, ya shiga kwalejin fasaha ta Zariya a 1957, wadda ta zama jami'a a 1962, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Abin da ya yi suna da shi tun 1967 shi ne bugu mai zurfi da ake kira filastogiraf, wanda takardar ke fitowa da tudu da kwari da ido ke gani. Injin leda zai danne wannan tudun ya shafe shi, wato ya shafe ainihin abin da kika biya kuɗi dominsa.

A kan tabbatar da shi, ki kwantar da zanen ki haska shi da tocila daga gefe. Bugun faranti na gaske yana da shata mai zurfi inda bakin farantin ya danna takarda, kuma tawadar layukan tana ɗan tasowa sama. Ki sa gilashin ƙara girma: idan kika ga hoton ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo masu launi a jere, na'urar buga littattafai ko ta kwamfuta ce ta fitar da shi. Lamba irin 12/50 tana nufin na 12 cikin 50, amma kowa na iya rubuta lamba da fensir, don haka rasit da sunan gidan da aka saya da tarihin hannun da zanen ya bi sun fi lambar nauyi. Tunda mai zanen yana da gidauniya mai sunansa, wadda ke shirya taron bita na hunturu a garinsu tun 1998, ki aika musu da hotonsa ki tambaya. Su kansu tsofaffin ayyukan Turai sai an yi hattara. Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan, ya rasu a 1669, amma an ci gaba da bugawa da farantansa ɗaruruwan shekaru bayansa, haka ma farantai 80 da Goya, mai zanen ƙasar Sifen, ya fitar a 1799, waɗanda aka yi ta maimaita bugunsu a Madrid har 1937. Sa hannu da fensir kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama al'ada, saboda haka duk wanda ya nuna miki Rembrandt mai sa hannun fensir ki riƙe kuɗinki.

Yanzu dai ki cire shi daga bangon da yake, musamman idan bangon waje ne da ruwan sama ke duka ko wanda ya haɗa da banɗaki. Kada ki goge shi da dutsen guga, kada ki shanya shi a rana, kada ruwan wanke farin kaya ya kusance shi. Ki wanke hannu ki busar kafin ki taɓa, ki riƙe shi da hannu biyu, ki kwantar da shi tsakanin fararen takardu marasa asid a ɗaki mai iska, nesa da ƙasa saboda gara da kyankyasai. Na san gidajenmu ba sa rabo da turaren wuta, amma hayaƙinsa yana shiga firam ya dusashe takarda, don haka kada a ajiye kasko a ƙarƙashin zane.

Idan lokacin sa firam ya yi, a yanka kwali mai kauri marar asid a yi masa taga, ya tsaya tsakanin zanen da gilashi, domin takardar da ta manne da gilashi ita ke tara gumi. A rataye zanen ta gefen sama kawai da 'yan guntayen takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ruwa ke iya warwarewa. Salatif haramun ne a wurin nan. Tagar ta bar rubutun fensir a fili. Ki tsaya a kan mai aikin har ya buga ƙusa ta ƙarshe, ko da zai ɓata rai, kuma idan ya ce ki tafi ki dawo gobe, ki ɗauki zanenki ki tafi da shi. Nawa ma cewa ya yi in dawo gobe.

Wajen ratayewa kuma, bangon da rana ba ta faɗa wa kai tsaye shi ne daidai, tsakiyar zanen ta yi daidai da idon mai tsayuwa, a bar ɗan sarari tsakanin firam da bango domin iska ta ratsa. Firam siriri baƙi ko na katako marar ado ya fi dacewa da irin wannan aiki fiye da mai ruwan zinariya. Idan ba damuwa, ki turo mana hoton bayan takardar da na gefen ƙasa inda aka yi rubutu, tare da na ɗigon daga kusa, mu gani ko fumfunar tana da rai ko ta tsaya.